Tashar Gbazango da kusan shekaru shida na shiru

A ƙarshen layin dogon da ya tashi daga Idu ya nufi Kubwa akwai tashar Gbazango. An gina ta ne domin ma'aikacin da tsadar haya ta koro daga tsakiyar Abuja, ya riƙa shiga jirgi da safe ya dawo da yamma ba tare da ya kwana a cunkoson titin Kubwa ba.

Tun a 2007 gwamnatin Obasanjo ta ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilar jirgin cikin birni, daga baya bankin Exim na Sin ya bayar da rancen dala miliyan 500. Sai ranar 12 ga Yulin 2018 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shi: kimanin kilomita 45, tashoshi 12. Amma jirgin da ya fara aiki tsakanin tsakiyar gari, Idu da filin jirgin sama kawai yake kai-komo. Gbazango, Kagini, Dei-Dei da Gwagwa, wato tashoshin talakawa, suka zama gine-gine masu fenti babu fasinja. Da korona ta zo a 2020 aka tsayar da komai, ciyawa ta rufe harabobi, ɓarayi suka yi ta kwashe wayoyi.

Ana yawan ɗora wa annobar laifi. A ganina ciwon ya girme ta. An kafa tashoshi a bayan gari, ba a yi musu hanyoyin shiga ba, ba a kuma tanadi motocin da za su kwaso mutane daga unguwanni ba. Ɗauki mazaunin Kado: yana tsakanin Jabi da Gwarinpa, cikin unguwannin da suka fi cika, amma layin bai bi ta kusa da shi ba. Kafin mai sayar da kifi a kasuwar Kado ya biya kuɗin mota zuwa Idu, ai gara ya wuce inda za shi kai tsaye.

Ranar 29 ga Mayun 2024 Shugaba Tinubu ya sake buɗe layin, bayan minista Nyesom Wike ya sa an gyara ɓarnar an kuma shimfiɗa titunan shiga tashoshi, aka ce a hau kyauta har ƙarshen shekara. Jirgi ya isa Gbazango. Sauran layukan da aka zana domin su ratsa unguwannin cikin gari kuwa suna nan a takarda, mutanen Kado kuma kullum da safe suna bakin titi suna tare motar haya.