Kwana a Bakin Filin Jirgi: Bagobiri a Hotal ɗin Ikeja

A zamanin iyayenmu, in mutumin Isa ko na Sabon Birni ya yi niyyar zuwa Ikko, sai ya ɗaure kayansa ya bi ta Shinkafi ya faɗa Ƙauran Namoda, inda hanyar jirgin ƙasa ta tsaya tun 1929. Daga nan jirgi ya kai shi Zariya, ya sake wani, ya yi ta keta ƙasa kwana da kwanaki, ya haye Kwara a Jebba, kāna ya sauka Agege ko Iddo, riga duk ta yi baƙi da hayaƙin gawayi. Yau kuwa jikansa yakan yi sallar asuba a Sakkwato, ya shiga jirgin sama, ya yada zango a Abuja, kafin magariba yana Ikko. Tafiya ta gajarce ƙwarai, amma tambayar nan da matafiyi ke yi tun fil azal tana nan yadda take, watau, ina zan kwana?

Masu wannan tambaya suna da yawa. Akwai ɗan kasuwa mai zuwa Dubai ko ƙasar Sin sayen kaya, akwai ɗalibi mai zuwa ƙaro ilmi Ingila, akwai kuma mai rakiyar majiyyaci zuwa Masar ko Indiya. Da yawa daga jiragen ƙasashen waje da dare suke tashi, ko da sassafe, kuma ana son fasinja ya hallara awa uku kafin lokaci. Saboda haka mutumin da ya zo daga nesa, in bai yi sa'a ba, dole ya kwana a Ikko. Domin irinsu aka giggina manyan hotal a Ikeja, unguwar da filin jirgin yake.

Asalin Abin

Wannan al'ada ba baƙuwa ba ce a Arewa. Jirgin sama ya fara sauka Kano a watan Nuwamba na 1925, sa'ad da jirage uku na mayaƙan saman Ingila suka iso daga Masar. A shekarun 1950 jiragen fasinja ba su iya yin dogon zango ba tare da sun sha mai ba, don haka masu tasowa daga Turai zuwa Kwango ko Afirka ta Kudu sukan sauka Kano, fasinjoji su fito su ci abinci su huta, wani lokaci har su kwana. Da jirage suka ƙara ƙarfi sai suka riƙa wuce Kano ta sama, harka ta fi karkata zuwa Ikko.

A Ikeja akwai tsohon hotal wanda ya samo asali tun 1942, aka sake masa suna a 1956 ya zama Ikeja Arms, sa'an nan a 1961 ya koma Lagos Airport Hotel. Bayan an buɗe babban ginin filin jirgin sama na Murtala Muhammed a 1979, sai waɗansu suka biyo baya. Sheraton ya buɗe a 1985, Legend wanda ke dab da filin a 2018, Marriott kuma a 2021.

Abin Da Baƙo Zai Tarar

Abu na farko da zai tari Bagobiri in ya fito daga jirgi shi ne iskar Ikko. Mu a nan mun san zafin bazara, wanda kan haura digiri 40 a watan Afrilu, amma zafinmu busasshe ne, in ka sami inuwar bedi da ruwan randa ka tsira. Na Ikko bai kai namu a ma'auni ba, sai dai yana ɗauke da laimar teku, gumi ya yi ta zuba ba ya bushewa, babbar riga ta manne wa mutum a baya. Ruwan saman da suke samu a shekara ya ninka namu fiye da sau biyu, in ya kece kuwa tituna su cika, motoci su tsaya cik.

Da baƙo ya sa ƙafa cikin hotal sai ya ji kamar an jefa shi cikin hunturu, don na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa dare da rana, in wuta ta ɗauke janareta ya karɓa. Akawu zai nemi fasfo ko katin shaida, ya rubuta sunansa, ya karɓi kuɗi tun kafin a kwana. Maimakon makulli sai a miƙa masa wani ɗan kati kamar na banki. Da shi zai buɗe ƙofa, a waɗansu wuraren ma sai ya zura shi a wani rami jikin bango fitilu za su kama. Gilasan tagogi masu kauri ne, har mutum ya ga jirgi yana tashi amma ƙararsa ba ta hana shi barci. Ga gado mai laushi, ga ruwan zafi da na sanyi, ga waya a gefen gado wadda in ka gaya wa akawu zai buga maka ya tashe ka a lokacin da ka ce.

Amma fa gidan ba don mu kaɗai aka gina shi ba, don haka akwai abin da ya kamata Musulmi ya kula. Ba kowane makewayi ke da buta ba, gara mutum ya sa ƙaramarsa cikin jaka. Alƙibla daga Ikko tana gabas ne maso arewa, in ba a sa alama a ɗaki ba a tambayi ma'aikata, galibi ba a rasa Musulmi cikinsu. Ɗan firijin da ke ɗaki wani lokaci akan cika shi da lemo da giya, kuma duk abin da aka taɓa sai an biya, da tsada. A ɗakin cin abinci akan jera kwanoni kowa ya ɗiba da kansa, to, a tambayi wane nama ne kafin a zuba. Matambayi ba ya ɓata.

Lissafin Kuɗi

Kuɗin da aka fara faɗa wa mutum ba lalle shi ne zai biya ba. Akwai harajin Gwamnatin Tarayya na saye da sayarwa, wanda ya koma kashi 7.5 bisa ɗari a 2020. Akwai na Jihar Legas, kashi 5 bisa ɗari, wanda dokar 2009 ta ɗora wa hotal da gidajen abinci. Akwai kuma ladan hidima, galibi kashi 10 bisa ɗari. A misali, ɗakin da aka ce naira 100,000 ne, in aka ɗora masa waɗannan duka sai ya tashi naira 122,500. Waɗansu hotal sukan haɗa su cikin kuɗin da suka ambata, waɗansu ba su haɗawa, saboda haka a tambaya tun a bakin teburi, a kuma karɓi rasit.

Haka nan kwanan hotal ba ya bin rana da wata. Bisa al'ada ana ba da ɗaki da misalin ƙarfe biyu ko uku na rana, a karɓe shi da tsakar ranar gobe. Wanda ya wuce lokaci ana iya ƙara masa kuɗi. Wanda kuma jirginsa zai tashi da dare, ya nemi kuɗin yini kawai, waɗansu suna yarda su rage.

To, mene ne mutum ke saye da wannan kuɗi mai yawa? Ba gadon ba ne, don tabarma ma tana kawo barci. Lokaci yake saye. Daga tsibirin Ikko zuwa Ikeja sai an bi gadoji, babbar cikinsu wadda aka gama a 1990 ta kusa kilomita 12, in cunkoso ya kama mutum a kanta yana iya shafe awa biyu ko uku yana kallon ruwa. Ga shi kuma wurin saukar jiragen cikin gida dabam yake da na ƙasashen waje, sai an shiga mota tsakaninsu. Wanda jirgi ya tafi ya bari, kuɗin sake tikiti kaɗai ya isa ya biya masa kwana da yawa a hotal, ban da ranar ganin likita ko ta shiga makaranta da ta kuɓuce. A irin wannan hali kwana ɗaya kusa da fili ba almubazzaranci ba ne, rigakafi ne. Amma wanda zai yi mako a Ikko yana ciniki, ya je ya tare a irin wannan wuri don a ce da shi wane, wannan ya ci uwar kuɗinsa da hannunsa. Daidai ruwa daidai tsaki.

Hotal Da Fatoma

Tafiya kaɗan daga filin jirgin akwai Agege, inda Hausawa suka kafa zango tun farkon zuwan jirgin ƙasa, suna sayen goro suna aikawa Arewa, suna karɓar shanu daga can. A nan iyayenmu ke sauka, a gidan fatoma, watau mai masauki. Fatoma yakan ba baƙo ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta da Yarbawa. In an sayi shanunsa bashi, fatoma ne ke tsayawa lamuni. In ya yi ciwo ya yi jinyarsa, in ta Allah ta kasance ya yi masa sutura ya aika gida. Ladansa yana fitowa ne daga la'adar ciniki, saboda haka arzikin baƙo arzikinsa ne. Har yanzu masu kai albasa da wake da awaki daga ƙasar Gobir zuwa kasuwannin Ikko da irin wannan amana suke tafiya.

Hotal kuwa lambar ɗaki ya sani. Zai ba ka tsabta da tsaro da sanyi waɗanda fatoma ba shi da su, ma'aikata su gaishe ka da fara'a, amma ranar da kuɗinka ya ƙare katin nan ya daina buɗe ƙofa. Ba laifinsu ba ne, haka sana'ar take. Abin da muke jan hankalin samarinmu a kai shi ne kada daɗin bene ya sa su yanke zumunci da mutanen zango. Mai hankali yakan kwana Ikeja saboda jirgi, amma ya ɗauki waya ya gai da maigidan ubansa a Agege, ya gaya masa ga inda ya nufa, ga ranar da zai komo. Ranar da fasfo ya ɓata ko aka tsare kaya, shi za a nema.

Zangon Da Ya Fi Wuya

Akwai wata magana da ba ta kyautu a rufe wannan bayani ba a faɗe ta ba. Ga mutumin Isa da Sabon Birni, zangon da ya fi wuya a tafiyar nan duka ba Ikko ba ne, ba kuma ƙetare teku ba. Shi ne na farko, daga ƙofar gida zuwa Sakkwato, ko ta Goronyo ko ta dajin Gundumi. Tun wajen 2019 'yan bindiga suka addabi wannan yanki, har dubban mutane suka ƙetara iyaka suka fake a jihar Maraɗi. A watan Oktoba na 2021 an kashe mutum fiye da 40 a kasuwar Goronyo. A watan Disamba na shekarar nan kuma aka tare wata motar fasinja kusa da Gidan Bawa, aka cinna mata wuta, mutum fiye da 20 suka ƙone. Su ma matafiya ne, sun fito neman inda za su kwana lafiya.

Tun daga waɗannan shekaru mutanenmu suka koyi lissafin tafiya da rana, su shiga Sakkwato tun da haske, su kwana can kafin ranar jirgi. Watau tafiyar da jirgin sama ya gajarce, tsoro ya sake tsawaita ta. Barcin nan da baƙo ke saye da kuɗi mai yawa a Ikeja, bayan katanga da masu gadi, shi ne kakanninsa ke yi kyauta a tsakar gida lokacin bazara, ƙofa a buɗe, a bakin gulbin Rima da na Bunsuru.

Muna roƙon hukumomin da abin ya shafa, na Tarayya da na Jiha, tare da Sarakunan Gobir na Isa da Sabon Birni, su ƙara himma wajen tsaron waɗannan hanyoyi da gyaransu, domin filin jirgi ba ya amfanar wanda bai isa gare shi ba. Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.