Ko Kun Sani?

Ko kun san sabon katin hoto na kwamfutar wasa yana iya zuwa da ma'ajiyar da ba ta kai ta wanda ya gada ba? Haka aka gani a wajen kamfanin Nvidia. A watan Fabrairun 2021 ya fitar da RTX 3060 a kan dala 329, ɗauke da ma'ajiyar hoto mai gigabait 12. Da magajinsa RTX 4060 ya fito a watan Yunin 2023, farashi ya sauko zuwa dala 299, amma ma'ajiyar ta koma gigabait 8.

Gaskiya sabon ya fi gudu a yawancin wasanni, ga shi wat 115 kawai yake ja, alhali tsohon na shan wat 170. Mai dogaro da sola ko janareta ba zai raina wannan bambanci ba. Inda gizo ke saƙar shi ne wasanni masu nauyi idan aka ɗaga ingancin hoto. Da zarar ma'ajiya ta cika, sai motsi ya fara sarƙewa, bangon gida da fuskar ɗan wasa su yi dishi-dishi na ɗan lokaci kafin su washe.

Shi kuwa kamfanin Intel, a Disambar 2024 ya kawo nasa katin, Arc B580, mai gigabait 12 a kan dala 249.

Kafin ku zare kuɗi, ku duba girman ma'ajiya da wutar da katin ke ja, kada sabuwar lamba a jikin kwali ta ruɗe ku.