Ciwon Mara Da Ya Ƙi Jin Maganin Sanyi: Taruwar Jini A Jijiyoyin Ƙugu

Mata da yawa a yankin Batsari da Safana kan yi shekaru suna shan maganin sanyi daga kemis saboda ciwon mara, ba sauƙi. Wani lokaci babu ƙwayar cuta ko kaɗan. Jijiyoyin da ke kwashe jini daga mahaifa da gidan ƙwai ne suka buɗe suka saki, jini ya riƙa taruwa a ƙugu, kamar yadda jijiyoyin ƙafa ke kumbura su murɗe.

An fi ganinsa ga matan da suka haihu sau biyu ko fiye, domin kowane ciki yana ƙara buɗe jijiyoyin nan. Ciwon nauyi ne a mara, sau da yawa ta hagu, wanda ya wuce wata 6. Da safe da sauƙi. Bayan tsayuwar daka, surfe ko ɗebo ruwa, zuwa yamma sai ya tsananta, in ta kwanta ya lafa. Yakan ƙaru gab da al'ada, da bayan saduwa da maigida, har ya ɗauki sa'o'i. Wannan na ƙarshe mata kan ɓoye saboda kunya, alhali yana cikin abin da ya fi taimaka wa likita. Wasu kan ga kumburarrun jijiyoyi a gaba ko cinya.

A fara da Babban Asibitin Batsari ko na Dutsin-Ma, a tabbatar ba sanyi ba ne ko ƙarin mahaifa. Idan ana zargin jijiyoyi, a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina don hoton da ke nuna gudun jini.

Magani kan fara da na rage zafi, sai na homon kamar allurar Depo-Provera ta wata 3, wadda ake yi don tazarar haihuwa; mai neman ciki ta faɗa wa likita tun farko. Idan bai isa ba, akwai aikin toshe jijiyar ta siririn bututu ba tare da yanka ciki ba, wanda aka fara ba da rahotonsa a 1993. Cire mahaifa ba ya tabbatar da warkewa, kada a yi gaggawarsa. Ciwon kan ragu bayan ɗaukewar al'ada.

Amma ciwo mai tsanani farat ɗaya bayan ɓatan wata, ko da zazzaɓi, ko jiri da suma, ba wannan ba ne. A kai ta asibiti nan take.