Busasshen Ganye Mai Ba da Shaida

Ya kai mai karatu, a ƙasashe da yawa akwai gidajen da ba a ajiye kome a cikinsu sai busassun tsire-tsire. Masana suna kiran irin wannan gida habariyam. Wanda ke Kew, a birnin Landan, yana da tsiro wajen miliyan 7. Akwai wani kuma a Ibadan.

Ga yadda ake yi. Mutum ya shiga daji, ya tuge tsiro da saiwarsa da furensa, ya danne shi tsakanin takardu har ya bushe, sa'an nan a manna shi a kan farar takarda mai kauri. A gindin takardar sai a rubuta sunan tsiron, da na wanda ya samo shi, da ranar, da wurin, ko inuwa ne ko sarari, ko tudu ko fadama. In babu wannan rubutu, ni a ganina abin bai fi harawa ba.

To, bari in ba ka misalin amfaninsa. A Amurka akwai tsire-tsire iri iri da mutane ke kira da suna guda, watau saiwar maciji, don dā ana zaton suna maganin sarar maciji. Suna ɗaya ne, amma dangi dabam dabam, sai an jera busassun a kan tebur ake rarrabe su. Ɗaya daga cikinsu, mai farin fure, yakan kai ƙirjin mutum tsawo, yana fure a ƙarshen lokacin zafinsu. Linnaeus, masanin ƙasar Suwidin, ya sa masa suna a 1753, a 1970 kuma aka sake masa suna Ageratina altissima. Saboda haka za ka ga tsohuwar takarda da suna biyu ko uku, kowane masani ya ƙara nasa bai goge na baya ba.

Wannan mai farin fure guba ne. In saniya ta ci shi sai ta kama makyarkyata, gubar kuma ta sauka cikin nono. Wanda ya sha sai amai da kasala, sau da yawa har ajali. Ciwon nan ne ya kashe uwar Abraham Lincoln a jihar Indiyana a 1818, yana ɗan shekara 9. Mutane suka daɗe suna zargin ruwa da iska.

Da aka tattara takardun nan, aka ɗiga kowane wuri a kan taswira, sai ga mazauninsa a fili: gabashi da tsakiyar Amurka ta Arewa, har cikin Kanada, yawanci a inuwar kurmi da bakinsa. Nan kuwa ne baƙin manoma ke sakin shanunsu in fari ya ƙone ciyawar sarari. Da aka sare kurmi aka killace makiyaya, ciwon ya ragu ƙwarai.

Amma fa ka lura, taswirar nan sawun masu tarawa take bi. Kusa da hanya da makaranta ɗigo yakan yi yawa, lungun da ba wanda ya taka kuwa sai ka gan shi fari fat, ko da tsiron ya cika shi.