Gardama a Kwamitin Auna Likitoci

A ƙasar Amurka, wanda ya gama makarantar likita ba a sakar masa marasa lafiya nan da nan. Sai ya yi shekara uku ko fiye yana koyon aiki a ƙarƙashin manyan likitoci. Tun daga 2013 hukumar da ke duba wannan horo, watau ACGME, ta fara tilasta wa kowane sashen horo ya naɗa kwamiti na malamai uku ko fiye. Sukan zauna sau biyu a shekara su auna kowane ɗalibi bisa abu shida. Cikinsu akwai ilimin likita, da kula da majiyyaci, da iya magana da mutane, da riƙon amanar aiki. Kwamiti shawara yake bayarwa, shugaban horo shi ke yanke hukunci.

To, ko tsakanin harshe da haƙori akan saɓa. Wani malami ya ga ɗalibi da rana yana aiki tsaf, wani kuwa ya gan shi da dare ya rikice. Wani shi ne mai ba yaron shawara, yana jin kunyar kayar da shi. Ƙaramin likita kuma yakan ji nauyin musa wa babba.

Gardamar nan ba ita ce abin tsoro ba. Shiru ya fi ta haɗari, gama idan kowa ya kame bakinsa don a rabu lafiya, ɗalibin da bai ƙware ba zai wuce, majiyyaci kuwa shi zai sha wahala.

Yaya za a yi? Da fari a yarda da ma'auni tun kafin a ambaci sunan kowa. Sa'an nan kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa, da ranar da ya gani, ban da "an ce". Ƙanana su fara magana, shugaba ya dakata sai ƙarshe. Wanda ke da kusanci da ɗalibin ya bayyana tun da wuri. In har ba a daidaita ba, a rubuta ra'ayi biyun, a sake duba aikin yaron.

'Yan'uwa, mu ma wata rana za mu zauna auna 'yan makaranta. In abokin aiki ya musa mana, mu tuna gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.