Ɗafa-ƙeyar Aikatau da Rabon Gaɓa a Italiyanci

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce nuna yadda ɗafa-ƙeyar aikatau take sarrafa furuci a Italiyanci. Wanda bai san inda gaɓa ta yanke ba, da gaɓar da ƙarfin murya ya sauka a kanta, yana iya sauya lokacin aikin ko mai aikata shi ba tare da ya sani ba. A misalan da ke tafe, an rubuta gaɓa mai ƙarfin murya da manyan haruffa.

2.0 Azuzuwan Aikatau

Aikatau a Italiyanci ya kasu gida uku gwargwadon ƙarshensa: -are (parlare 'yin magana'), -ere (temere 'jin tsoro') da -ire (dormire 'yin barci'). Ɗafa-ƙeya ce take nuna mai aiki, don haka ba dole ba ne a kawo wakilin suna. Ga parlare a lokaci mai ci:

PAR-lo 'ina magana'
PAR-li 'kana/kina magana'
PAR-la 'yana/tana magana'
par-LIA-mo 'muna magana'
par-LA-te 'kuna magana'
PAR-la-no 'suna magana'

Za a lura cewa ƙarfin murya yana kan saiwa a siga huɗu, ya koma kan ɗafa-ƙeya a siga biyu. Masu koyo sun fi yin tuntuɓe a kan parlano, domin galibin kalmomin harshen a gaɓar kusa da ta ƙarshe ƙarfin yake sauka.

3.0 Ƙarfin Murya da Rubutu

Ƙa'idar rubutun Italiyanci ta wajabta sa alamar ƙarfin murya ne kawai idan ya faɗa kan wasalin ƙarshe. Dubi waɗannan:

CA-pi-to 'nakan faɗo wuri'
ca-PI-to 'wanda aka fahimta'
ca-pi-TÒ 'ya faru'

Na ukun kaɗai ke da alama. Biyun farko sai jimla ta fayyace su. Wannan ya yi kama da rubutun Hausa na yau da kullum, wanda ba ya nuna karin sauti.

4.0 Tagwan Baƙi

Idan baƙi ya zo a tagwaye, sai a raba shi biyu: ɗaya ya rufe gaɓar farko, ɗaya ya buɗe ta biyu. Bambancin yana kai wa ga ma'ana:

par-le-RE-mo 'za mu yi magana'
par-le-REM-mo 'da mun yi magana'

A misali na farko gaɓar RE buɗaɗɗiya ce, saboda haka wasalinta yakan yi tsawo. A na biyu rufaffiya ce, wasalin gajere. Bahaushe ba zai sha wahala a nan ba, domin ya saba rarrabe baba da babba, kuma a harshensa ma dogon wasali ba ya zama cikin rufaffiyar gaɓa. Sai dai tsawon wasali a Hausa yana bambanta ma'ana da kansa, a Italiyanci kuwa ƙirar gaɓa da ƙarfin murya ne suke haifar da shi.

5.0 Tasiri a Kan Baƙin Saiwa

Harafin c ana furta shi kamar k na Hausa gabanin a, o, u, amma kamar c na Hausa gabanin e, i. Shi ya sa vincere 'cin nasara' yake ba da vinco da sautin k, vinci kuwa da sautin c. Aikatau na ajin -are ba ya yarda da wannan sauyi: daga cercare 'nema' ana samun cerco da cerchi, inda aka cusa h don a tsare sautin k.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, ya bayyana cewa haddace jerin ɗafa-ƙeya a rubuce bai wadatar ba. Wajibi ne a koyar da kowace siga tare da rabon gaɓoɓinta da mazaunin ƙarfin muryarta.