Hannun da Ya Fara Taɓa Jinka

A ƙasar Hausa, in mace ta haifi 'yan biyu, da sunansu suke zuwa: Hassan da Husaini, ko Hassana da Husaina, wanda ya biyo bayansu kuma Gambo. Amma a yankin Kalaba, shekaru 150 da suka wuce, haihuwar tagwaye abin firgita ne. Mutane sun yi imani cewa ɗaya daga cikin jariran ɗan mugun iska ne, kuma tunda ba a san wanne ba, sai a cusa su duka a tukunyar ƙasa a jefar a daji, uwar kuma a kore ta daga gari. Ba ƙeta ce ta kawo haka ba, tsoro ne, kuma babu al'ummar da tsoro bai taɓa sa ta aikata abin da take nadama a yau ba.

Sunan da aka fi tunawa wajen kawar da wannan al'ada shi ne Mary Slessor. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi firamare a Najeriya sun ji shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne irin matar, da yadda ta yi aikin.

An haife ta a 1848 a Aberdeen, ƙasar Sikotlan. Mahaifinta baduku ne mai ɗinkin takalma, wanda giya ta ci ƙarfinsa. Mahaifiyarta mai riƙon addini ce. Da iyalin suka koma Dundee, Mary ta shiga masaƙa tana shekara 11, rabin yini aiki, rabin yini makaranta. Daga baya ta koma aikin sa'o'i 12 a kullum, ran Lahadi kuma ta tara yaran unguwannin talakawa tana koya musu Littafi Mai Tsarki. Ba ta da digiri, ba ta da dukiya, ba ta da uwa a gindin murhu. A 1876 ta sauka Kalaba a matsayin malama a mishan ɗin da Hope Waddell ya kafa tun 1846.

Yawancin Turawan lokacin suna zama a gidajen mishan, nesa da jama'a. Ita kuwa ta koyi harshen Efik har ta iya ba'a da faɗa a cikinsa. Ta zauna a ɗakin ƙasa, ta ci abincin gari, ta riƙa tafiya ba takalmi. Da ta ji an yar da jarirai, sai ta kutsa daji ta ɗauko su ta kawo gida. Hujjarta ba ta da tsawo: Allah ne ya yi kowane rai, kuma babu ran da ya zo bisa kuskure. Sai dai ba da baki kaɗai ta kafa hujjar ba. Mutane sun zuba ido su ga masifar da za ta afka wa gidan da ke cike da tagwaye, sai suka ga yara suna girma, suna wasa, suna zuwa ɗebo ruwa. Gani ya kori ji.

A 1888 ta shiga ƙasar Okoyong, inda baƙi ke shakkar takawa. A can, in babban mutum ya rasu, akan kashe bayi da mata su raka shi, wanda aka zarga da maita kuma a ba shi gubar waken da suke kira esere: in ya amayar ya kuɓuta, in ya mutu laifi ya tabbata. Lokacin da gungumen itace ya faɗo wa Etim, ɗan sarki Edem, har ya yi ajalinsa, an kamo mutane an ɗaure don a kashe su. Mary ta tare a wurin dare da rana, tana roƙo, tana gardama, ta ƙi gusawa. A ƙarshe aka yanka saniya, aka binne ɗan sarki ba tare da an zubar da jinin ɗan Adam ba. A 1892 hukumar Ingila ta ba ta ikon jagorantar kotun yankin, domin jama'a sun riga sun saba kawo mata ƙara da kansu.

Wani zai ce, ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gaskiya ne, kuma tarihi ya yarda. Tun kafin zuwanta wasu 'yan mishan da sarakunan Kalaba sun fara yaƙar waɗannan al'adu. A Okoyong ma, da ba don Ma Eme ba, 'yar'uwar sarki Edem, wadda ke aiko mata da labari a ɓoye in ana shirin kisa, da aikin bai yi nisa ba. Da ɗan gari akan ci gari. Amma jinka ba ta tashi sai wani ya fara sunkuyawa ya kama. Akwai iyaye mata da yawa da zuciyarsu ke ƙin abin da ake yi, tsoro ya rufe musu baki. Abin da mutum ɗaya mai aminci ke yi shi ne ya nuna cewa ana iya ƙi, a kuma kwana lafiya.

Wannan ne amfanin labarin ga mai bi na yau, ko a Wusasa yake, ko Jos, ko Maraɗi. Ba sai ya haye teku ba. Akwai maraya a layinsu, akwai mai larurar da kowa ke ƙyama, akwai wanda aka yi wa ƙazafi yana neman mai tsaya masa. Kuma ba aikin yini ɗaya ba ne. Mary ta shafe shekaru kusan 39 tana fama da zazzaɓin cizon sauro, ta rasa uwa da ƙanwa tana nesa, amma ba ta tattara kayanta ba.

Ta rasu ran 13 ga Janairu, 1915, a Use Ikot Oku, cikin Jihar Akwa Ibom ta yanzu, aka ɗauko gawarta ta kogi aka binne a Kalaba. A 1997 bankin Clydesdale ya sa hotonta a takardar fam 10, a Kalaba kuma akwai mutum-mutuminta rungume da jarirai biyu. Amma babbar shaidarta tana yawo da ƙafa: tagwayen da ke tafiya makaranta a Kuros Riba da Akwa Ibom, sanye da kaya iri ɗaya, ba wanda ya waiwaya ya dube su.